Yawun da ke tsinka koko

Tun ina yarinya a Aboabo, doka ɗaya ce kakata Hajiya ba ta sassautawa: cokalin da ya shiga baki ba ya komawa cikin kwanon koko. In na tambayi dalili sai ta ce, "Tsinkewa zai yi, ja'ira." Na ɗauka camfin tsofaffi ne, har na kai aji biyu na sakandare a nan Kumasi.

Ranar gwajin sitaci, Malam ya ce kowa ya tofa yawu a kwalbar gwaji. Aji ya kaure da dariya, mu 'yan mata sai yatsina muke. Ya ɗiga aidin, maganin nan da ake shafa wa rauni, a ruwan dafaffen sitaci, nan take ya rine, baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar zane ya fito daga marina. Ya ce sitaci, wanda shi ke sa koko kauri, doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukarin gulukos, wani sashenta a nannaɗe. Aidin na shiga cikin naɗin ne ya ba da wannan launi. A cikin yawu kuwa akwai sinadarin amilas, aikinsa datse sarƙar ta koma wani sukari mai suna maltos. Sarƙa ta tsinke, aidin ya rasa maɓoya, launi ya ɓace.

An ce mu zuba sitaci a kan yawun, mu sa kwalabe a ruwa mai ɗumin digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. Ni da gaggawa, sai na tsoma tawa a tafasasshen ruwa, wai don in riga kowa. Bayan kowane minti ina ɗiban ɗigo ina gwadawa. Na maƙwabtana ya koɗe, ya koma ruwan ƙasa irin na aidin. Nawa har minti 20 yana nan baƙi wuluk. Malam ya leƙo, ya taɓa ruwan, ya janye yatsa. "Ai kin dafa ma'aikacin naki," in ji shi. Zafi ya lalata siffar amilas ɗin, kuma ko ya huce ba ya farfaɗowa.

Na sake daga farko, wannan karon har da kwalba ta biyu mai sitaci da ruwa zalla, wadda da nake gani ɓata lokaci ce. Ita ce shaidata: ɗumi ɗaya suka sha, amma ita tana nan da baƙinta, ashe aikin na yawu ne. Da na zuba wa kwalba mai yawun ruwan Benedik, shuɗin ruwan da ake gwada sukari da shi, na ɗumama, shuɗi ya koma kore, ya bi ta rawaya ya tsaya a jan bulo. Sukari ya fito.

A mota ina komawa gida na tuna cewa kokon Hajiya ba ya tsinkewa yana tururi, sai ya fara hucewa. Na isa ina haki na zayyana mata komai, har da digiri 37.

Ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen gero ba. "To, sai da aka sa a kwalba kika yarda? Miƙo min rariyar can."