Na je Bisichi na ga yadda ake wanke kuza

Ɗaurin auren wani abokin sana'ata ne ya kai ni Bukuru makon jiya. Da aka watse sai na roƙi kawun ango, wani dattijo mazaunin Bisichi, ya kai ni inda ake haƙar kuza. Gyaran waya nake yi a Farm Centre, kullum hannuna yana kan dalmar da muke liƙa waya da ita, kuma na daɗe ina son in ga ƙasar da take fitowa.

Da sassafe muka kama hanyar Barikin Ladi. Sanyin garin nan ba irin namu na Kano ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Tun daga mota na fara ganin tafkuna da jajayen tuddai a gefensu, na ce wa Baba Allah ya yi musu baiwar ruwa. Ya ce, "Yaro, duk ramin Bature ne. Tudun nan kuma ƙasar da aka kwashe aka zubar ce kafin a kai ga kuza." Mahaifinsa lebura ne da aka kawo daga ƙasar Kano lokacin aikin tilas na 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa inda za ta samu kuza sai nan. Ya ce tun kafin Turawa su zo mutanen Riruwai ke narka ta. Na ratsa ta Doguwa a hanyata ta zuwa, kuma na ji daɗin jin haka ƙwarai.

Masu aikin suna kiran ramin loto. Bakinsa bai fi na rijiya ba. Ana zura mutum da igiya ya wuce jar ƙasa da laka, waɗanda ba su da amfanin komai gare shi, har ya taɓo shimfiɗar tsakuwar wani tsohon rafi da ƙasa ta binne. Nan kuzar take. Daga nan sai ya riƙa bin ta ta gefe yana cika buhu ana jawowa. Na leƙa, ban ga komai ba sai ɗan hasken tocila. Irin ramukan nan suna ruftawa da mutane, kowa a wurin ya sani, kuma suna shiga.

Inda na daɗe shi ne wurin wanki. Wata dattijuwa 'yar Birom, da kowa ke ce wa Ngo, ta ga na tsaya ina kallo ta ce, "Ɗana, matso ka gani da kyau." Ta ɗebi ƙasa a ƙwarya ta tsoma a ruwa tana juyawa. Rairayar shinkafa ce sak, sai dai a nan abin da ya kwanta a gindin ƙwarya shi ake so. Farin yashi ya bi ruwa ya tafi, aka bar wani baƙin gari da bai kai cikin tafin hannu ba. Ta zuba mini a hannu, na ji nauyin da ya fi ƙarfin girmansa. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, wannan nauyin shi ne duk sirrin aikin. Buhu nawa aka jawo daga cikin rami da ran mutum kafin a tara mudu ɗaya? Na kalli tsibin yashin da ke bayanta na kalli ɗan abin da ke cikin robarta, jikina ya yi sanyi.

Kuma ko baƙin nan ba duka ne kuza ba. Akwai kwalambait a ciki, akwai wasu baƙaƙen ma'adinan da ido ba ya rarrabewa. Baba ya ce a farkon zamanin kamfanoni kwalambait datti ce, tana ɓata darajar kuza, sai a tsame ta a zubar. Da aka shiga shekarun 1950 Amurka ta buɗe saye da tsada, saboda ƙarfen da ake fitarwa a cikinta yana jure zafin injin jirgin sama, sai kamfanonin suka koma kan jujin da suka tara da hannunsu suna sake wankewa. Da abin da aka zubar ɗin nan Najeriya ta zama ta ɗaya a duniya wajen kwalambait a lokacin. Kasuwar kuza ta rushe a 1985, manyan kamfanoni irin ATMN na Bukuru suka durƙushe, yanzu matan nan ne ke bin abin da injinansu suka bari. Har yau akwai kamfani a Landan mai suna Bisichi, amma kwal yake haƙa a Afirka ta Kudu. Garin da ya ba shi suna ramuka aka bar masa.

Ngo ba ta bar mu mun tafi haka ba, sai da ta zubo mana gwaten acca mai zafi a cikin kwanon abincinta na rana. Na miƙa mata kuɗi ta ɓata rai ta ce baƙo ba ya biyan ruwa. A Kano ma muna da karamci, amma na wanda ya wuni tsaye cikin ruwan sanyi daban ne.

Da yamma muka bi su wurin mai saye, a nan raina ya ɓaci. Yaron da ke kan sikeli bai kai ɗan cikin Ngo ba, amma ko gaisuwa babu. Ya damƙi garin ya murza, ya ce yashi ya yi yawa, ya yanke kuɗi yadda ya ga dama. Da na tambaye shi da me ya auna, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, kai ma sayarwa ka zo yi?" A bayan shagon kuwa ga injin maganaɗisu yana aiki. Kuza ba ta bin maganaɗisu, kwalambait tana ɗan bi, don haka injin yana ware kowanne gefensa, kowanne kuma da mai sayensa. Abin da ya kira datti ya rage mata kuɗi a kansa, shi ne zai sayar gobe. Wanda ke da inji shi ke faɗin mene ne ma'adini mene ne shara, matar da ta wanke ba ta da ta cewa. Wannan zalunci ne, kuma da matan za su samu inji ɗaya na haɗin gwiwa da sikelin da hukuma ta tantance, da rabin kukansu ya ƙare.

Wani abin da ya dame ni shi ne ragowar yashin da ke fita daga injin. A cikinsa akwai monazait, mai fitar da tururin nukiliya, ga shi a tsibe a cikin unguwa yara suna wasa a kai, wasu ma suna ɗiba su yi shafen ɗaki saboda laushinsa. Ban ga allo ɗaya na gargaɗi ba.

Ruwan tafkunan dai ya zama na noman rani. Kabeji da karas da dankalin Turawa na saya a bakin hanya, kusan rabin kuɗin 'Yankaba, kuma ba a ja ciniki da yawa. Washegari na shiga mota ta Saminaka, shingayen jami'an tsaro suka cinye mana rana, muka ratsa dajin Falgore kafin magariba.