Ɓamɓare tsohuwar ledar ɗaki da kankare gam ɗinta

Ledar da aka shimfiɗa kawai aka danne bakinta da kujeru ba ta da wata magana, naɗe ta za a yi kamar tabarma. Wadda aka manne da gam ita ce mai cin rai, ko mai faɗin nan ta naɗi, ko ƙananan tayil na roba. Ledar kanta takan tashi cikin awa biyu ko uku, amma gam ɗin da ta bari a kan siminti yana iya cinye kwana biyu.

Kafin ka taɓa komai, tambayi shekarun gidan. A nan Jos akwai tsofaffin kwatas na kamfanonin kuza da na gwamnati, wajen Rayfield da Bukuru, da aka gina tun kafin 1980. Tayil na roba na wancan zamani, musamman mai faɗin inci 9, da baƙin gam mai kama da kwalta da ke ƙarƙashinsa, sukan ƙunshi asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke cutar da huhu. Ƙurarsa ba ta ganuwa, in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekara 20 ko fiye take bayyana. In tayil ɗin bai farfashe ba, ya fi a bar shi a ɗora sabon daɓe a kansa. In kuma dole ne a cire, a jiƙa shi sosai, a ɗaga ɗaya bayan ɗaya ba tare da an karya ba, a sa takunkumi mai tace ƙura, ba na ƙyalle ba, a ɗaure tarkacen a buhun leda. Injin gurza da sanfefa kada su kusanci wannan ƙasa, don Allah, kuma a fitar da yara daga gidan.

Ledar zamani kuwa, tsaga ta da reza mai kaifi, kowane tsagi faɗin santimita 20 zuwa 30. Wanda ya kama gefe guda ya ja da ƙarfi, fuskar ledar ce za ta biyo shi, bayanta mai kama da takarda ya zauna daram a kan gam. Zafi ne maganin wannan. Ɗora tsumma, ka aza dutsen guga mai matsakaicin zafi na daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan ka cusa faffaɗan ƙarfen kankara irin na masu fenti, a kwance, kana turawa kana ja a hankali. A sanyin Disamba da Janairu roba kan ƙage ta riƙa karyewa kamar ƙanzo, don haka a jira rana ta ɗaga.

Gam ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ake asarar kuɗi. Zuba ruwan zafi a wuri mai faɗin tafin hannu, ka jira minti 15. In ya yi fari ya yi laushi, ka huta: bokiti mai lita 10 na ruwan zafi da omo cikin hannu ɗaya ya isa. Jiƙa tsofaffin tawul ka rufe wurin na minti 20 zuwa 30, ka kankare. Yi mita ɗaya-ɗaya, domin in ka jiƙa ɗakin gaba ɗaya, kafin ka kai tsakiya ƙarshen ya bushe ya koma yadda yake.

Rawayan gam mai danƙo irin na Evo-Stik bai san ruwa ba. Dumama shi da na'urar busar da gashi, zai riƙa murɗewa yana tashi. Abin da ya ƙi, a shafa masa tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, kaɗan-kaɗan da tsumma, da safar hannu, tagogi a buɗe. Fetur kam a manta da shi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har kicin, risho ko gas ko tartsatsin makunnin lantarki ya ishe shi ya kama. Tina ma haka take, don haka a kashe duk wata wuta kafin a buɗe gwangwanin.

Baƙin gam, masu aiki da yawa kananzir suke zuba masa. Yana narkewa, gaskiya ne, amma man yakan nutse cikin siminti tare da kwaltar, sabon tayil ya ƙi kamawa, bayan 'yan watanni a ji yana ƙara kamar ganga in an taka. Gara a kankare shi a jiƙe har ya rage siririn tabo, a yi sabon daɓe a kai.

In ƙasa ta fito, wanke ta da omo, ɗauraye sau biyu, ka cike ramuka da siminti kashi 1 da yashi mai laushi kashi 3. Kafin a shimfiɗa sabuwar leda, manna ledar buhu mai faɗin rabin mita a ƙasa, ka liƙe gefunanta da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa ko simintin ya yi duhu, ƙasan na tsattsafo da danshi, abin da ya zama ruwan dare a daminar Jos, musamman Yuli da Agusta. A irin wannan ɗaki sabon gam ba zai riƙe ba sai an shafa maganin hana danshi, ko a koma tayil na tangaran.