Wata da Tauraro a Goshin Filen

Lahadin farko da na je kasuwar gwanjo a Sheffield, bargo na je nema. Watan Nuwamba ne, sanyin Ingila ya fara shigata har ƙashi, albashina na gidan kula da tsofaffi kuma bai kai in shiga kanti ina zaɓe ba. Kasuwar fili ne kawai: kowa ya buɗe bayan motarsa, ya baje tarkacen gidansa a kan tebur. Ban samu bargon ba. Na dawo da tsohon filen na katako, irin wanda kafinta ke share fuskar itace da shi, a kan fam 3.

Tambarin da ke goshinsa ne ya sa na saya. Da na goge dattin da babban yatsa sai ga jinjirin wata da tauraro. Gabana ya faɗi. Na ce wannan aikin Musulmi ne, daga Turkiyya ko Masar, ya yi ƙaura irin tawa ya ƙare a ƙasar sanyi. Har tausayinsa na ji.

Maƙwabcina ne ya warware mini. Dattijo ne da ya yi rayuwarsa a masana'antar ƙarfe, wata biyu muna gaisawa da ka kawai. Ya gan ni a bakin ƙofa ina kankare tsatsa, ya miƙo hannu ba ko sallama. Ya ɗaga gilashinsa, ya juya filen ɗin, ya karanta sunan da ni ban lura da shi ba: Mathieson, Glasgow. Tsohon kamfanin Sukotlan ne, masana'antarsu a da ana kiranta Saracen, wata da tauraro kuwa tambarin kasuwancinsu ne. Na ji kunya kaɗan, shi kuma ya yi dariya har da tari. Daga ranar nake ce masa Baba. Da farko ya ce shi ba ubana ba ne, yanzu in ban faɗa ba sai ya tambaya ko lafiya.

A wurinsa na koyi karatun ƙarfe. Ganye uku a jikin cizal, Marples ke nan, 'yan garin nan. Kibiya mai kama da sawun kaza na nufin kayan gwamnati ne, galibi na soja, sau da yawa da shekara a gefe. Ina da sufana mai 1944. Filen ɗin ƙarfe na Stanley in an rubuta masa cewa a Ingila aka ƙera shi, to bai riga 1937 ba, don a lokacin ne kamfanin na Amurka ya fara ƙira a Sheffield. Mai shuɗin fenti kuma yawanci Record ne, su ma daga 1931 suka fara filen. Amma Baba ya ja mini kunne: kada in yarda da wuƙar filen ita kaɗai. Wuƙa tana cinyewa da wasawa, a sake wata. Nawa ma haka yake, jikinsa ɗan Glasgow, wuƙarsa 'yar Sheffield, an haɗa su aure tun kafin a haife ni.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne sauran sunayen. Ban da na maƙeri, akwai sunaye uku da aka buga a katakon, ɗaya a kan ɗaya. Masu shi ne. Kafintocin zamanin da suna buga sunansu a kayan aikinsu don kada su ɓace a wurin aiki, wanda ya gada ko ya saya sai ya buga nasa. A gefe guda katakon ya lotsa daidai inda babban yatsa ke zama. Na ɗora nawa, ya zauna daram.

Mahaifina kafinta ne a Kano. Ina yaro nakan riƙe masa katako yana yanka, kuma na tuna zartonsa yana da maɓallin tagulla mai rubutu a mariƙi, wanda ban taɓa damuwa in karanta ba. Ranar da Baba ya kai ni gidan tarihi na Kelham Island, inda aka ajiye dubban kayan aikin da Ken Hawley ya tara, na tsaya gaban zartunan Spear & Jackson, wani kamfanin Sheffield, na kasa gaba. Kamar na san su. Wataƙila garin da nake ganin baƙo ne ni a cikinsa ya daɗe a rataye a bangon shagonmu.

Da daddare na kira wana.

"Yaya, zarton Babanmu yana nan?"

"Yana nan mana. Me za ka yi da shi? Duk zartunan Turawa ba su ishe ka ba?"

Na ce ya ɗauko mini hoton mariƙin. Da safe hoton ya shigo. Maɓallin ya daɗe da faɗuwa, an maye gurbinsa da ƙusa an lanƙwasa kanta. Na nuna wa Baba maƙwabcina, ya ƙura masa ido ya daɗe, sannan ya ce in sa Yaya ya goge ruwan zarton da kananzir ya karkata shi a rana, wani lokaci rubutun maƙeri yana nan kwance a ƙarƙashin tsatsa. Yaya ya ce sai an sauko daga Juma'a.