Injin da zan ɗora a teburin gyara

Aikina gyaran kayan busa ne, saksafon da kilarinet, yawanci na 'yan badujala da makarantu. In zan zaɓi injin lantarki mai juya sanda don wannan aiki, ƙarfinsa bai dame ni ba, ramin da ke cikin sandarsa nake fara dubawa. Dogayen ƙarafan da maɓallan saksafon ke juyawa a kansu sirara ne, kuma suna lanƙwashewa. In sandar injin tana da rami har baya, sai in zura ƙarfen, in bar ɗan guntu a waje, in miƙe shi yana juyawa, in goge tsatsa. In babu ramin, dogon ƙarfe zai yi ta wutsil-wutsil a iska, ya ƙara lanƙwashewa.

Sai gudu. A wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa, injin wasa wuƙa yana juyi kusan 2,850 a minti. Ya yi wa wannan aiki yawa, yana ƙona toton da ke jikin kayan busar, yana cinye tagulla. Mai 1,400 ya fi, wanda ake rage masa gudu kuwa ya fi duka.

Na gwanjo daga Amurka, a karanta jikinsa tukuna: yawanci na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 230 ce.