Yadda na gano abin da ke ɓata hoto da sauti a dish ɗinmu

Hoton dish ba ya lalacewa irin yadda na eriya yake yi a da. Na eriya yakan yi dishi-dishi, amma kana ganin mutum kana jin maganarsa. Na dish kuwa ko dai ya fito tar, ko ya farfashe gutsi-gutsi ya daskare, murya ta riƙa tsinkewa, daga nan allo ya yi baƙi. Namu ya daɗe yana haka da zarar hadari ya haɗu, kuma kowa a gida ya sallama cewa aikin ruwan sama ne. Ni dai ban gamsu ba, domin dish ɗin maƙwabcinmu girmansa ɗaya da namu, tauraron ɗan'adam ɗaya suke fuskanta, amma nasa ba ya ɗaukewa sai ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na fara da shafin sigina a cikin dikoda. Layi biyu ne a wurin, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na inganci. Na ƙarfin ya kusa cika, shi ya sa aka daɗe ana cewa dish lafiyarsa lau. Na ingancin kuwa da ƙyar ya wuce rabi, alhali sama garau take. Layin ƙarfi yana iya hawa ko da dish bai saitu sosai ba, muddin LNB, wato na'urar nan da ke kan hannun dish tana fuskantar farantin, tana samun wuta. Layin inganci shi ke faɗin ko dikoda na iya karanta abin da ke iso mata.

Tauraron yana can kimanin kilomita 35,786 a saman layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, saboda haka siginar ta riga ta yi rauni kafin ta sauko. Ƙananan dish na gida suna kama zangon Ku ne, daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, kuma ɗigon ruwa yana shanye wani ɓangare na siginar wannan zangon. Gaskiya ne ruwa yana rage ta. Amma dish ɗin da aka saita da kyau yana da rara, ruwa zai ci wani abu ya bar wani abu. Namu ba shi da rarar ko kaɗan, shi ya sa yayyafi ma yake kayar da shi.

Saitin ya fi buƙatar haƙuri a kan ƙarfi. Na sa alama da biro a jikin ƙarfen domin in san inda na taso, na sassauta kusoshin kaɗan yadda farantin zai motsa ba tare da ya zube ba, ƙanena kuma yana gaban talabijin yana faɗa mini lamba. Motsin da ake buƙata ƙanƙane ne ƙwarai, kuma dole ka tsaya jim kaɗan bayan kowane motsi, domin dikoda ba ta nuna canji nan take. Abin da ya ba ni mamaki shi ne murɗa LNB a cikin abin da ke riƙe da ita. Ban taɓa farantin ba, na ɗan juya ta kawai, inganci ya ƙaru. Wajen ɗaurewa ma akwai kula: kana matse kusa ɗaya har ƙarshe farantin zai karkace, sai dai a bi su kaɗan-kaɗan, ido na kan lamba.

Bayan wannan wasu tashoshin suka gyaru, wasu kuma suka ci gaba da zuwa suna tafiya. A nan ne na fahimci aikin wayar. Ta cikinta dikoda ke aika wa LNB wuta, bolt 13 ko 18, kuma wannan bambancin ne yake zaɓar wane rukunin tashoshi za a kama. Idan waya ta lalace har 18 ɗin ba ta isa sama da ƙarfinta, rukuni guda zai ɓace, ɗayan yana aiki. Na kashe dikoda daga soket, na kwance kan wayar a wurin LNB, sai na tarar ruwa ya shiga, tagullar ta yi kore, ragar da ke kewaye da ita ta ruɓe. Yanke bakin kawai ba ya wadatarwa, domin ruwa yana bin cikin waya ya yi nisa. Na sa sabuwar waya nau'in RG6 guda ɗaya tun daga sama har ƙasa, babu haɗi a tsakiya, na tabbatar ko silin raga ɗaya bai taɓa tsinken tsakiya ba, na naɗe kan da roba mai hana ruwa, sannan na bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango, yadda ruwa zai ɗige a waje. Yana ba ni takaici yadda ake sayen babban talabijin sannan a haɗa shi da waya mafi araha, alhali ita ce ke shan rana da ruwa shekara da shekaru.

Matsalar sauti ba ta da alaƙa da dish. Wasu tashoshin hoto ne kawai babu murya, saboda suna aiko sauti a tsarin Dolby, talabijin ɗinmu kuma ba ya iya buɗe shi. Na shiga saitin sauti a dikoda na mayar da shi PCM, murya ta dawo. Gurnanin da muke ji ƙasa-ƙasa kuma daga tsohuwar wayar nan mai kai uku yake, ja da fari da rawaya. Rawayar ba ta ɗaukar hoton HD ko kaɗan, don haka mai amfani da ita yana biyan kuɗin abin da ba ya gani. Da na koma wayar HDMI gurnanin ya tafi, rubutun ƙasan allo ya fito sarai. Idan baki ya riga murya ko murya ta riga baki, kashe dikoda da kunna ta yakan daidaita su.

Akwai abin da hawa rufi ba zai gyara ba. Ana wasan ƙwallo, inganci a cike, amma da kyamara ta juya da sauri sai ciyawa ta dame. Wannan daga kamfani ne: sun cusa tashoshi da yawa a hanya ɗaya, sun matse kowace fiye da kima. Haka kuma wajajen watan Maris da Satumba, rana takan daidaita a bayan tauraron, hoto ya ɗauke na 'yan mintuna a kusan lokaci ɗaya, kwanaki kaɗan a jere, sannan ya dawo da kansa. Wanda ya taɓa dish a wannan lokacin saitinsa mai kyau zai ɓata. Idan kuwa damewar hoton ta tsaya a tasha ɗaya ko biyu kuma layin inganci bai motsa ba, sai in rubuta sunan tashar, da lokacin, da lambar ingancin, in kira kamfani da su a hannu, domin kada a sake ce mini in duba dish.