Abin da ke bayan goshi

Wata huɗu ke nan da ƙanena ya faɗi daga babur ya bugu a goshi, kuma har yau ina jinjina abin da raunin ya ɗauke da abin da ya bari. Bai manta sunan kowa ba, surorin da ya haddace tun yana yaro suna nan daram, amma in aka aike shi kanti ya sayo sukari da sabulu da ashana, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya kuɗin a hannunsa, saƙon ya kuɓuce masa.

Likita ta bayyana mana cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke daidai bayan goshi, shi ne ke riƙe bayani na ɗan lokaci yayin da ake aiki da shi, shi ke tsara matakai, ya kuma danne fushi da garaje. Wannan sashe ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25, shi kuwa yaron shekararsa 19, abin da ya fi sosa mini rai ke nan.

Yanzu Inna takan sa a rubuta masa aiken a takarda, ɗaya bayan ɗaya. Jiya ya dawo da duka ukun, har da canji.