Ashe tunjere bai tafi ba

Wallahi ni da na dauka tunjere ciwon mutanen da ne, ashe yana nan yana kara yaduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kadai mutum miliyan 8 ne suka kamu da shi, a Amurka ma a shekarar an samu sama da mutum 200,000, rabonsu da ganin haka tun 1950.

Abin da ke ban tsoro da ciwon nan shi ne rainin wayonsa, dan gyambo ne zai fito a gaba ko a baki, ba zafi ba kaikayi, bayan 'yan makonni ya warke da kansa sai mutum ya ce ai shikenan, alhali kwayar tana cikin jini tana jiran ranar da za ta taba kwakwalwa ko zuciya. Mai ciki kuwa tana iya sa wa jaririnta, wani ma a haife shi ba rai.

Kuma fa allurar fenisilin har gobe tana kashe shi. Ciwon sanyi ne dai ya fara bijire wa magunguna.